Tatu da jarfa: Haɗarin da ke cikin allura da tawada, da yadda ake gane wuri mai tsafta

Zanen tatu ƙaramar tiyata ce wadda mutumin da ba likita ba yake yi wa mai lafiya. Injin zanen yana soka allura a fata daga sau 50 zuwa sau 3,000 a minti ɗaya, zuwa zurfin milimita 1 ko 2, kuma kowane suka ƙofa ce da aka buɗe tsakanin jinin mutum da duk abin da ke kan allurar, ko cikin tawadar, ko a hannun mai zanen. Wanda ya zauna awa biyu ana yi masa zane ya tashi da rauni a buɗe, ko da kuwa abin da idonsa ke gani fure ne ko sunan mahaifiyarsa.

Abin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin Samuel O'Reilly ya yi rajistar injin tatu mai aiki da lantarki a birnin New York a 1891, wanzamai suna yin jarfa, wato su tsattsaga fata da aska su goga baƙin tukunya ko gawayi domin zanen ya zauna. Suna kuma yin bille da sauran tsagar gado. Abin da ya sauya shi ne kayan aiki, da masu yin, da kuma dalili. Yau matasa a Legas da Abuja da wasu biranen suna zuwa shagunan tatu, mata suna zuwa a zana musu gira ko a rina musu leɓe da allura a wuraren kwalliya, wasu kuma a ɗakin kwanan ɗalibai aboki ke yi musu da injin da aka sayo ta intanet. Mafi yawan malaman Musulunci sun haramta zane na dindindin a jiki, kuma a Arewa mai tatu ba ya son a sani. Wannan ɓoyon yana da nasa sakamako ga lafiya: wanda ya yi abu a asirce ba ya tambayar kowa inda ya fi tsafta, kuma idan wurin ya ruɓe yakan daɗe yana jinya a ɗaki kafin ya yarda likita ya gani.

Dalilin da ya sa zanen ba ya gogewa

Fatar mutum hawa-hawa ce. Ta sama tana saɓulewa tana sabuntawa cikin 'yan makonni, shi ya sa lalle ke gushewa. Allurar tatu tana ƙetare ta, ta ajiye tawada a hawa na biyu, inda jijiyoyin jini da na ji suke. Nan da nan jiki ke ɗaukar tawadar a matsayin baƙon abu, sai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye datti su taru su haɗiye ta. Ba sa iya narkar da ita, don haka sai su zauna a wurin da ita a cikinsu. Wani bincike da aka yi a birnin Marsai na Faransa, aka wallafa a 2018, ya nuna cewa idan waɗannan ƙwayoyin suka mutu suka saki tawadar, sababbi ne ke zuwa su sake haɗiye ta. Ma'ana, tatu faɗa ne da garkuwar jiki ke ci gaba da yi har ƙarshen rayuwar mai shi.

Ba dukkan tawadar ke tsayawa inda aka sa ta ba. Wani kaso yana bin magudanar ruwan jiki zuwa kaluluwa, ta hammata ko ta matsematsi, har likitocin tiyata sukan tarar da kaluluwar mai tatu ta rine da launin zanensa. A 2017 masu bincike na Jamus da na wata cibiyar kimiyya da ke Girenobul a Faransa sun tabbatar da cewa ƙananan ɓarɓashin launin suna taruwa a can.

Ciwon hanta ne babban abin tsoro, kafin ƙanjamau

Idan aka ambaci allurar da aka yi wa wani amfani da ita, HIV ce ke fara zuwa zuciyar mutane. Alƙaluma suna nuna wani wajen. Daga abin da aka tattara kan ma'aikatan asibiti da allura mai jinin majinyaci ta soke su, yiwuwar kamuwa da HIV kusan kashi 0.3 ne cikin ɗari, na ciwon hanta nau'in C kusan kashi 1.8, na nau'in B kuwa yana iya kaiwa kashi 30 ga wanda ba a yi wa rigakafi ba. Ƙwayar HIV ba ta jure zama a wajen jiki. Ta ciwon hanta nau'in B tana rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini a kan tebur ko jikin inji, ta nau'in C kuma an nuna tana iya yin makonni. Ɗigon da ido ba ya gani ya isa.

Wannan bambanci yana da nauyi a Najeriya fiye da ƙasashen da akasarin shawarwarin da ke intanet suka fito. Babban binciken ƙasa na NAIIS da aka gudanar a 2018 ya gano cewa kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C, yayin da HIV ta tsaya a kashi 1.4 tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49. A lissafi mai sauƙi, cikin mutum 12 da suka zauna a kujerar mai zane, ana sa ran ɗaya yana ɗauke da nau'in B, kuma mafi yawan masu ɗauke da shi ba su sani ba, domin ciwon yana iya yin shekaru ba tare da alama ba har sai hanta ta ƙanƙance ko daji ya kama ta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce ciwon hanta mai yaɗuwa ya kashe mutum miliyan 1.3 a 2022, kuma ya sa Najeriya cikin ƙasashe 10 da ke ɗauke da kusan kashi biyu cikin uku na masu nau'in B da C a duniya.

Tarihin sana'ar kansa ya shaida haka. Birnin New York ya haramta tatu baki ɗaya a 1961 bayan an danganta ɓarkewar ciwon hanta nau'in B da masu zane, kuma ba a ɗage haramcin ba sai 1997. Binciken da aka yi daga baya a ƙasashe masu dokoki masu tsauri ya nuna haɗarin ya ragu ƙwarai a shagunan da ke da lasisi, ya kuma tattaru a gidajen yari da zanen gida da na bakin titi. Darasin a bayyane yake: cutar tana bin kayan aiki, kuma kayan aikin wanzami ko na mai ƙaho ko na mai yankan farce da aski a kasuwa suna ƙarƙashin hukunci ɗaya da na mai tatu.

Akwai rigakafin nau'in B, allura uku cikin wata shida, kuma yana da ƙarfi sosai. Najeriya ta sa shi cikin rigakafin yara na yau da kullum a 2004, abin da ke nufin duk wanda aka haifa kafin wannan shekara, da ɗimbin waɗanda aka haifa bayanta iyayensu ba su kai su ba, ba su da kariya sai in sun nema da kansu. Nau'in C ba shi da rigakafi, amma magungunan zamani suna warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari na masu shi cikin mako 8 zuwa 12. Nau'in B idan ya zauna a jiki danne shi ake yi da magani, sau da yawa har abada. Duk mai tunanin kusantar allurar zane, gwajin jini da rigakafin nan ne abin da ya kamata ya fara kashe wa kuɗi.

Sabuwar allura ba ta wadatar ba

Masu zane da yawa sun koyi yage ledar allura a gaban kwastoma, kuma abu ne mai kyau. Sai dai jini ba ya tsayawa a kan allura. Yana hawa bututun da ke riƙe da ita, yana fantsama a jikin inji da wayarsa, yana komawa cikin ɗan kofin tawada duk lokacin da aka tsoma allurar. Mai zanen da ya sa sabuwar allura amma ya tsoma ta a kofin da ya yi wa wani aiki da shi, ko ya mayar da ragowar tawada cikin kwalba, bai kare kowa ba. Haka wanda ya sa safar hannu sannan ya ɗauki wayarsa ya amsa kira ya dawo kan fata.

Tsakanin 2004 da 2005 Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Amurka ta bi diddigin mutum 44 a jihohin Ohayo, Kentaki da Bamont da suka kamu da MRSA, wata bakteriya mai bijire wa magungunan da aka saba, ta hannun masu zane 13 marasa lasisi. Wasunsu da tsirkiyar gita suke yin allura, da tawadar firinta suke zane. Akwai masu sa safar hannu a cikinsu, amma ba sa sauyawa tsakanin mutum da mutum.

Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne na birnin Rocesta a jihar New York, inda mutum 19 suka fito da ƙuraje masu taurin kai a kan zanensu a ƙarshen 2011. Masu bincike sun duba shagon suka tarar mai zanen yana bin ƙa'idojin tsafta. Cutar, wadda dangin ƙwayar tarin fuka ce da ke rayuwa a ruwan famfo, tana cikin tawada mai ruwan toka da kamfani ya surka tun daga masana'anta, har a kwalbar da ba a buɗe ba. Irin wannan ciwo yana ɗaukar watanni ana shan magani, wani lokaci sai an yanke fatar. A 2024 masana na Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka sun gwada tawada 75 da ke rufe, suka sami bakteriya a 26, ciki har da waɗanda aka rubuta wa cewa an tsarkake su. Idan haka ta faru a kasuwar da ake sa wa ido, mai karatu zai iya ƙiyasta matsayin kwalbar da ba ta da sunan kamfani, ba lambar rukuni, ba ranar lalacewa, wadda ta yi watanni a shago mai zafin Afrilu.

Me ke cikin tawadar

Baƙar tawada galibi daga baƙin hayaƙin gawayi ake yin ta, fara daga sinadarin titaniyom, sauran launuka kuma da yawansu an ƙirƙire su ne tun asali domin fentin mota da robobi da buga takardu. Ja ce ta fi kowace jawo borin jiki. A da sinadarin makuri ake sawa a cikinta, yanzu an koma wasu launukan, amma matsalar ba ta kau ba: wurin da aka sa jan yakan kumbura, ya yi ƙaiƙayi, ya yi ɓawo, wani lokaci bayan shekaru da yin zanen. Wahalar borin tawada ita ce ba a iya wanke abin da ke jawo shi, yana cikin fata.

Rubutun jikin kwalba ma ba abin dogaro ba ne. Masana a Jami'ar Binghamton ta Amurka sun bincika tawada 54 a wani aiki da aka wallafa a 2024, suka tarar 45 suna ɗauke da abubuwan da ba a rubuta ba. Tarayyar Turai ta ɗauki mataki mafi tsauri: daga Janairun 2022 ta taƙaita amfani da sinadarai fiye da 4,000 a tawadar tatu da ta kwalliyar dindindin, sannan a Janairun 2023 haramcin ya hau kan wani shuɗi da wani kore da masu zane suka fi so. Tambayar da ta shafe mu ita ce inda kayan da wata kasuwa ta ƙi suke komawa. Wanda ya san tarihin man bilicin da magungunan ƙwari a kasuwanninmu ba zai rasa hasashe ba.

Batun daji kuwa yana buƙatar a faɗe shi daidai gwargwadonsa. Wani bincike na Jami'ar Lund a Suwidin, wanda ya ƙunshi mutum 11,905 aka wallafa a 2024, ya sami cewa yiwuwar kamuwa da dajin kaluluwa ya fi da kashi 21 cikin ɗari ga masu tatu. Alaƙa ce aka gani tsakanin abu biyu, kuma masu binciken da kansu sun ce ba hujja ba ce cewa tawadar ce sanadi. Ciwon kuma ba mai yawa ba ne, don haka ƙarin kashi 21 a kan ƙaramin adadi ƙarami ne. Haɗarin da ya fi kusa shi ne zane mai duhu ya rufe tawadar Allah ko wani tabo da ke sauya kama, a kasa lura da shi da wuri. Ƙwararren mai zane ba ya bi ta kan irin wannan tabo.

Baƙar fata da tabo mai tudu

Akwai matsalar da ta fi shafar baƙar fata, wadda hotunan talla ba sa nunawa. Wasu mutane idan suka ji rauni, tabon ba ya tsayawa a iyakar raunin, sai ya yi ta girma ya zama tudu mai sheƙi da ƙaiƙayi. Likitoci suna kiransa kiloyid, kuma kowa ya taɓa ganinsa a kunnen wadda aka yi wa huji ko a ƙeyar wanda aska ta yanka. Yana bin jini a dangi, ya fi fitowa a ƙirji, kafaɗa, gadon baya da kunne, wato daidai wuraren da ake son zane. Yanke shi kaɗai yakan sa ya dawo ya fi da. Wanda ya san yana da shi, ko iyayensa ko 'yan uwansa suna da shi, fatarsa ta riga ta ba shi amsa.

Masu ciwon suga da ba a daidaita ba, masu matsalar ƙofofin zuciya, masu shan maganin tsinka jini, masu raunin garkuwar jiki da mata masu ciki duk ana shawartarsu su ga likita tukun ko su haƙura. Mai sikila ya yi nesa da duk abin da zai raunata ƙwaurinsa ko idon sawunsa, inda gyambo ke saurin kamawa ya ƙi warkewa. Rinin leɓe da allura, irin wanda ake tallatawa a bakin titi a Ikeja, yana iya tayar da ƙurajen zazzaɓi na baki ga wanda ƙwayar ke kwance a jikinsa, ga shi kuma baki wuri ne da ba ya rabuwa da ƙwayoyin cuta.

Baƙin lalle

Da yawa daga masu karanta wannan ba za su taɓa yin tatu ba, amma kusan kowane gida yana da wadda ake yi wa lalle a biki ko da salla. Lalle na asali ganye ne, launinsa ja ne zuwa ruwan ƙasa, kuma yana buƙatar sa'o'i kafin ya kama. Wanda ke yin baƙi wuluk cikin rabin awa an haɗa shi da wani abu, galibi sinadarin PPD na rinin gashi. A Tarayyar Turai an yarda da shi a rinin gashi kawai, bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba bayan an haɗa, kuma ba a yarda a shafa shi a fata ba. A kwaɓin baƙin lalle an sha samun ninkin wannan sau da yawa.

Illarsa takan bayyana bayan kwana 4 zuwa 14 ga wadda ta fara haɗuwa da shi: wurin zanen ya yi ja, ya yi bororo, ya tsattsafo ruwa, daidai da siffar furen da aka zana, ya bar tabo fari ko baƙi na watanni. Daga nan jiki ya riƙe abin har abada, ta yadda rinin gashi na gaba zai iya kumbura fuska da fatar kai cikin sa'o'i. Likitoci a Sudan, inda dayis ya zama ruwan dare, sun daɗe suna rubuta rahoton mutanen da PPD ya kumbura wa maƙogwaro ya lalata musu ƙoda, musamman idan an sha shi, kuma da yara a cikinsu. Ko lalle na asali ma bai dace da jarirai ba, domin yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini ga yaron da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, matsalar gado da ta yawaita a Najeriya.

Abin da za a duba kafin a zauna

Wanda ya yanke shawarar yi duk da haka, ziyarar farko ta zama ta kallo, ba ta zane ba. Tambaya mafi muhimmanci ita ce yadda ake tsarkake duk ƙarfen da ake maimaita amfani da shi. Amsa ɗaya ce karɓaɓɓiya: tukunyar turara kayan asibiti mai matsin tururi, wadda ke kai zafi digiri 121 na minti 15 zuwa 30, ko 134 na 'yan mintuna, kayan kuma su fito a cikin leda mai alamar da ke sauya launi. Goga sifirit, tsomawa a Dettol ko Hypo, ƙonawa da laita, tafasawa a ruwa, ko ajiyewa a akwati mai shuɗin haske irin na masu aski, babu ɗaya da ya kai wannan matsayi. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, yana da kyau a tambayi mai shagon abin da yake yi idan aka ɗauke wuta tukunyar tana tsakiyar aiki. Shagon da ba shi da tukunyar dole komai nasa ya zama na amfani sau ɗaya, har bututun riƙe allura.

Sauran abubuwan ido ne ke ganinsu. A buɗe allura a gabanka, a zuba tawada a sabon ƙaramin kofi a zubar da ragowar, kuma idan za a surka ta, da ruwan allura na asibiti za a surka, ba na famfo ko fiya wata ba. A naɗe inji da wayarsa da kujera da leda, a sauya bayan kowane mutum. Rezar aske gashin wurin sabuwa ce. Mai zanen ya wanke hannu da sabulu kafin ya sa safa, ya sauya ta duk sanda ya taɓa wani abu. A ga akwatin zuba allurai mai tauri, domin allurar da aka jefa a bola tana ƙarewa ne a hannun yaran da ke tsince-tsince. Kwalbar tawada ta nuna kamfani da lambar rukuni da ranar lalacewa, kuma ɗaukar hotonta da waya dabara ce mai amfani, saboda idan matsala ta taso likita zai so sanin abin da aka sa. Mai zanen da ya fusata da waɗannan tambayoyi ya sauƙaƙa maka hukunci.

Bayan an gama

Saman fata yana warkewa cikin mako 2 zuwa 4, cikinta kuma yana ɗaukar watanni. A wannan lokaci ana wanke wurin da hannu mai tsafta da sabulu marar ƙamshi, da ruwan da aka tafasa ya huce idan ba a amince da na gida ba, a busar da shi da tsumma mai tsafta ba tare da gurzawa ba, a shafa mai kaɗan. Ba a ɓanɓare ɓawon, ba a sosawa, ba a barin rana ko ƙurar hunturu ta dake shi, ba a sa toka ko man goge baki ko garin magani. Ba a shiga kogi, kududdufi, teku ko wurin ninƙaya. A 2017 wata mujallar likitoci ta Birtaniya ta ba da labarin wani ɗan shekara 31 a Teksas mai ciwon hanta, wanda ya shiga teku kwana 5 bayan an yi masa zane a ƙafa, bakteriyar ruwan gishiri ta shiga ta raunin ta zama ajalinsa.

Ɗan ja da kumburi da zafi na kwana biyu ko uku ba abin damuwa ba ne. Ja mai faɗaɗa, ciwo mai ƙaruwa maimakon raguwa, mugunya, wari, jan layi da ke hawa daga wurin zuwa hammata ko matsematsi, zazzaɓi da rawar sanyi, waɗannan na asibiti ne a ranar, ba na kemis ba. Sayen kafso a sha na kwana biyu yana ɓoye alamar ne ya kuma ƙara wa ƙwayar taurin kai. Wanda ya gane daga baya cewa an yi masa aiki da kayan da aka yi wa wani, yana da awa 72 ya fara maganin kariya daga HIV, wanda ake sha kwana 28, kariyar nau'in B kuma ta fi aiki cikin awa 24 na farko. Gwajin da aka yi washegari ba zai nuna komai ba, sai an maimaita bayan watanni. Saboda wannan taga ce cibiyoyin karɓar jini ke dakatar da mai sabon tatu, wata 4 a Birtaniya, wata 3 a Amurka idan ba a shago mai lasisi aka yi ba. A sanar da ma'aikatan hoton MRI idan akwai zane, ko da yake wani bincike a Landan kan mutum 330 ya sami mutum ɗaya ne kawai da ya ji ɗan zafi.

Cirewa da doka

Binciken Cibiyar Pew na 2023 ya nuna kashi 32 cikin ɗari na manyan Amurkawa suna da tatu, kuma kusan ɗaya cikin huɗu daga cikinsu suna nadamar aƙalla guda. A Najeriya nadamar tana iya zuwa da farashi na daban, tunda sanarwar ɗaukar sojoji takan sa rashin zane a jiki cikin sharuɗɗa. Cirewa da hasken lesa yana buƙatar zama 6 zuwa 10 ko fiye, da tazarar makonni tsakani, ya fi yin zanen tsada da zafi, kuma a baƙar fata yana iya barin farin tabo idan ba a yi amfani da na'urar da ta dace ba. Masu ƙona wurin da ruwan batir ko dutsen guga ko gurza shi da gishiri suna musanya zane da tabon ƙuna.

Game da yara doka ta yi magana. Sashe na 24 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya haramta yi wa wanda bai kai shekara 18 ba tatu ko tsaga. Hujjar lafiya a nan tana da ƙarfi, domin baligin da ya kamu da ciwon hanta nau'in B kusan kashi 95 cikin ɗari jikinsa yana kawar da shi, jariri kuwa kusan kashi 90 cikin ɗari ciwon zai zauna masa. Amma hukuncin da sashen ya tanada tarar da ba ta wuce naira 5,000 ba ce, ko ɗaurin da bai wuce wata ɗaya ba, ko duka biyun, kuma dokar tana aiki kai tsaye ne a Abuja kawai, kowace jiha sai ta zartar da tata. Kayan kwalliya da sinadarai da ke shigowa ƙasa suna ƙarƙashin NAFDAC, tsaftar shaguna kuma aikin duba-gari ne na jihohi da ƙananan hukumomi. Ɗan majalisar jiha ko shugaban ƙaramar hukuma da ya zo neman ƙuri'a ana iya tambayarsa duba-gari nawa ke kan albashi a yankinsa, da ranar da wani daga cikinsu ya shiga shagon aski ko na kwalliya ya nemi ganin inda ake zuba allura da reza.